'Yanci Ko Takunkumi? Gardamarmu Kan Masu Sihiri A Wasan Dragon Age

Yau zan ɗan kauce daga abin da muka saba tattaunawa, in kawo muku wata gardama da ta ɓarke a ɗakina a nan Agege, wadda ta kai mu har ƙarfe ɗayan dare, kuma har yanzu ba ta mutu ba. Abin dariyar shi ne a kan wasan kwamfuta aka yi ta. To amma mai karatu ya ɗan yi haƙuri ya biyo ni, domin tambayar da ke cikin wasan ta fi wasan girma.

Ɗan ƙanwata ne ya zo hutu, ya tono wani tsohon gem da na jima ban taɓa ba, wato Dragon Age II, ya zauna yana bugawa. Maƙwabcina kuma, wani dattijo da ya shekara sama da ashirin yana aikin gadi, ya shigo shan shayi ya tsaya kallo, muna fassara masa. Da aka zo ƙarshen wasan, inda dole ka zaɓi ɓangare, sai yaron ya goyi bayan masu sihiri ba tare da ya ko tsaya tunani ba. Dattijon ya ajiye kofi ya ce, "Yaro, ka kashe garin nan." Yaron ya juyo gare ni ya ce, "Kawu, don Allah kai ka raba mu." Ban iya raba su a daren ba, shi ya sa na ɗauko alƙalami.

Kafin wani ya ce na koma tallan tsafi, bari in share wannan. Sihirin da ke cikin wasan ba irin wanda muka sani ba ne, wanda mutum ke wanke ƙafa ya je wurin boka ya nema. Tatsuniya ce kamar ta Gizo da Ƙoƙi, kuma a cikinta haihuwar mutum ake yi da abin, bai roƙa ba bai saya ba. Yaro yana cikin wasa da 'yan uwansa sai kawai a ga wuta ta fito daga tafin hannunsa, shi ke nan rayuwarsa ta canja.

Ga waɗanda ba su san wasan ba, kamfanin BioWare da ke birnin Edmonton na ƙasar Kanada ne ya ƙirƙiro shi. Na farko, Dragon Age: Origins, ya fito a 2009, na biyu a 2011, sai Inquisition a 2014, sannan The Veilguard a 2024. Duk a wata ƙagaggiyar nahiya ake yin su mai suna Thedas. A can, mai sihiri yana samun ƙarfinsa ne daga duniyar mafarki, inda aljanu suke, kuma kullum aljanun nan suna neman ƙofar da za su shiga jikinsa. In suka samu, mutum ya zama dodo, ba ya gane uwa ba ya gane uba.

Saboda haka majami'ar addinin mutanen, wadda suke kira Chantry, ta kafa doka. Duk yaron da aka ga alamar abin a jikinsa, a raba shi da iyayensa a kai shi wata hasumiya da ake kira Da'ira, can zai yi karatu, can zai tsufa. Ba ya gadon sarauta, in kuma ya haihu a karɓe ɗan. Ana ɗibar jininsa a zuba a 'yar kwalba a ajiye, domin in ya gudu a bi sawunsa da ita. Masu tsaron hasumiyar su ne Templar, ni dai dogarai nake ce musu. In ɗalibi ya girma, sai a tura shi duniyar mafarki ya fuskanci aljani, dogarai na tsaye a kansa da takobi, in ya faɗi jarrabawar a sare shi nan take. Wanda aka ga ba zai iya ba kuwa, sai a yanke alaƙarsa da duniyar mafarkin gaba ɗaya, a yi masa tambari a goshi. Daga ranar ba sihiri, ba mafarki, ba so, ba ƙi, ba dariya, ba kuka, sai dai ya yi ta aiki kamar inji. Sannan akwai doka ta ƙarshe: in aka yanke hukuncin hasumiya ta lalace, ana iya ba dogarai izinin kashe duk wanda ke ciki, babba da yaro.

To bari in fara da hujjar dattijo, domin ba ta banza ba ce. Cewa ya yi, duk wanda bai taɓa kwana a bakin ƙofa yana tsaron rayukan mutane ba, ba zai gane ba. Maigadi in ya yi kuskure sau ɗaya, ba a ba shi dama ta biyu. Rigakafi ya fi magani. Kuma wasan ya ba shi abin kafa hujja. A Origins, wani babban malami mai suna Uldred ya buɗe wa aljanu ƙofa a hasumiyar ƙasar Ferelden, aka yi ta kisa hawa-hawa. Ita kanta Meredith, shugabar dogaran birnin Kirkwall, ta ba da labarin cewa iyayenta sun ɓoye 'yar uwarta mai sihiri don tausayi, aljani ya shige ta, ta kashe danginta da wasu mutane 70 kafin a ga bayanta. Sannan ga daular Tevinter, inda masu sihiri ke mulki: ana cinikin bayi a fili, manya kuma na amfani da jinin bayin don ƙara ƙarfi. Fenris, ɗaya daga cikin abokan tafiyarka a wasa na biyu, bawa ne da ya tsere daga can, jikinsa duk zanen azabar da ubangidansa ya yi masa. In ya ce maka kada a saki masu sihiri, da wane baki za ka ce masa bai san abin da yake faɗa ba? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Na yarda da dattijo a kan abu ɗaya: haɗarin gaskiya ne. Duk wanda ya ce a buɗe ƙofa kowa ya kama gabansa, ba karatu ba doka, bai yi wa talakan ƙauye adalci ba, wanda ba shi da komai sai fartanya. Sai dai daga nan muka raba hanya, kuma dalilaina uku ne.

Na farko, tsarin da kansa yake haifar da abin da aka kafa shi don ya hana. Mu ɗauki labarin Connor, ɗan hakimin Redcliffe a wasa na farko. Uwarsa Isolde ta gane yaron na da sihiri, ta kuma san in ta faɗa za a ɗauke shi, ba zai gaji ubansa ba, wataƙila ma ba za ta ƙara ganinsa ba. Sai ta ɓoye, ta ɗauko wani gudajjen ɗalibi mai suna Jowan ya koya masa a asirce. Jowan ya sa wa hakimin guba, yaro ya ruɗe ya ƙulla yarjejeniya da aljana don ta ceci ubansa, aljana ta tayar da gawawwaki suka far wa gari dare bayan dare. Dattijo ya ce, "Ka gani ko? Da an kai shi hasumiya da ba a yi haka ba." Na ce, "Baba, me ya hana uwar kai shi?" Da a ce hasumiyar makaranta ce da yaro zai je ya dawo hutu kamar yadda wannan yaron ya zo mini, da ita da kanta za ta riƙe hannunsa ta kai shi. Ba uwar da za ta miƙa ɗanta ga kurkukun rai da rai da hannunta. Iyayen Meredith ma abin da ya sa suka ɓoye tasu 'yar ke nan. Kuma mai karatu ya lura, hanya mafi kyau ta ceton Connor ba tare da an zubar da jinin kowa ba ita ce a je a ɗauko ƙwararrun malaman hasumiya. Wato ilimin ne ya yi magani, tsoron ɗaurin kuma shi ya jawo cutar.

Na biyu, wa ke tsaron mai tsaro? A Ferelden, duk da abin da Uldred ya yi, shugaban dogarai Greagoir ya yarda ya janye maganar kashe kowa in har shugaban malamai Irving ya fito da ransa ya ce an shawo kan lamarin. Mutum biyu ne, kowa na taka wa ɗan uwansa burki. A Kirkwall babu wannan. Hasumiyar garin tsohon kurkukun bayi ce tun zamanin Tevinter. Da aka kashe sarkin birnin, Meredith ta riƙe mulki ta hana a naɗa wani, ta zama ita ce mai ƙara, ita ce alƙali, ita ce hauni. Dokar majami'a ta hana a yi wa wanda ya ci jarrabawa tambarin goshi, amma aka yi wa Karl, abokin Anders, saboda wasiƙun da suke musaya. Da hankalinsa ya dawo na ɗan lokaci, abin da ya roƙa kawai shi ne a kashe shi kafin ya koma. Su kansu dogaran ba su tsira ba, domin majami'a na ba su wani ma'adini mai suna lyrium suna sha don su iya karya sihiri, abin kuma yana kama jiki kamar ƙwaya, wanda aka kora daga aiki sai ka gan shi a lungu yana bara don ya samu. A Inquisition ma sai ga Cassandra ta gano cewa ana iya warkar da masu tambarin nan, kuma shugabannin ƙungiyarta sun daɗe da sani suka rufe bakinsu. Duk ikon da ba mai tambayarsa, ƙarshensa ke nan, ko da kyakkyawar niyya aka fara.

Na uku, kuma wanda ya fi tsaya mini a rai, shi ne hukunta mutum a kan abin da aka haife shi da shi tun bai aikata komai ba. Anders ne ya tarwatsa majami'ar Kirkwall, ya kashe shugabarta Elthina da duk wanda ke ciki. Ba ɗan hasumiyar garin ba ne, kuma ga shi a zaune a gaban kowa ya amsa laifinsa. Amma Meredith ta ce a kashe duk masu sihirin hasumiya, har da yaran da ba su san ma an yi ba. Mu da muke zaune a garin wasu ba sai an yi mana dogon bayani a nan ba. Mun san yadda ake ji in wani da ba ka taɓa gani ba ya yi ɓarna, washegari kai da ke tsare da tirenka a bakin titi ka ga ana kallonka da wani ido. Shi kansa Hawke, jarumin wasan, ɗan gudun hijira ne da ya iso Kirkwall a jirgin ruwa aka tsare shi a bakin ƙofa.

Yanzu kuma in juyo kan ɗan ƙanwata, don kada ya ɗauka ya ci gari. Shi a wurinsa Anders gwarzo ne, tura ce ta kai bango. Na ce masa, "Ɗana, a nan ka ɓata rawarka da tsalle." Mutumin da ya kashe bayin Allah da gangan don kada a samu sulhu, ya kuma jefa waɗanda yake cewa yana karewa cikin bakin takobi ba tare da ya shawarce su ba, bai bambanta da Meredith ba. Dukansu biyu sun yanke wa jama'a hukunci su kaɗai. Haka kuma Orsino, shugaban malaman Kirkwall, ya san da wani matsafi mai suna Quentin yana kuma musayar wasiƙa da shi, ya yi shiru don kada a ce masu sihiri ne, har mutumin ya kashe mahaifiyar Hawke. Wannan darasi ne ga duk al'ummar da ake zargi: rufa wa mugu asiri don naka ne, kai zai fara ci.

Ina da ƙorafi a kan marubutan wasan su ma. A Dragon Age II sun cika gishiri, kusan duk mai sihirin da ka taimaka sai ya koma tsafin jini, har Orsino ma yana rikiɗewa ya zama dodo ko da kana ɓangarensa kuma kuna cin nasara. Sun so su daidaita ma'auni ne, sai suka danna shi da yatsa. Kuma kada mu manta, misalin yana da iyaka: a duniyarmu babu wata ƙabila da 'ya'yanta ke rikiɗewa su zama dodanni, don haka wanda ke zargin jama'a a dunƙule a nan ba shi da ko rabin uzurin Meredith.

Matsayina a taƙaice shi ne: karatu dole, ɗauri babu. A koya wa yaro yadda zai riƙe abin da ke jikinsa, a bar shi da iyayensa da gadonsa. Dogarai su zama kamar 'yan sanda masu bin wanda ya yi laifi, kuma a samu alƙalin da za a kai su ƙara in sun wuce gona da iri. Tevinter ba hujja ba ce a kan wannan, domin abin da ya lalata ta shi ne manya sun fi ƙarfin doka, dogaran can yaran manyan ne, kuma ko mai sihiri in talaka ne ana iya bautar da shi. Cutar Tevinter da ta Kirkwall ɗaya ce, wanda ke riƙe da bulalar ne kawai ya bambanta.

Da na karanta wa dattijo wannan kafin in sake shi, ya yi shiru can ya ce, "Malam, maganarka da daɗi, amma ranar da abin ya faru, kai kana barci, ni ne a bakin ƙofa." Ban da amsar da za ta gamsar da shi, kuma ban ga laifinsa ba. Abin da na ce masa kawai shi ne, gara maigadin da mutanen gida ke kawo wa labari da wanda suke ɓoye wa. Yaron kuwa ya sake wasan daga farko, wai wannan karon zai bi dogarai ya ga abin da Baba ke gani.

Allah ya sa mu dace, ya kuma kare mu daga ɗaukar alhakin wanda bai ji ba bai gani ba. Sai mun sake haɗuwa.