Gadar Yakite: kada mu bar shara ta sake raba mu

Wani ɗalibina ya tambaye ni me ya sa babu gada a kan kogin Ubangi tsakanin Bangui da Zongo, sai dai a shiga kwalekwale. Na ce masa babbar gada aikin gwamnatoci ne. Amma da na dawo gida sai na tuna da tamu ƙarama ta Yakite.

Gadar ba ta da tsawo, magudanar ruwa ce kawai a ƙarƙashinta. Amma bayan Disambar 2013 ta zama iyaka: mutumin Kilomita Biyar ya tsallaka ta, ransa na hannun Allah. Ko ranar 30 ga Nuwamba 2015, da Fafaroma Francis ya zo babban masallacinmu, unguwar a killace take. Yau alhamdu lillahi, yara na bi ta kanta zuwa makaranta, mata na kai kaya kasuwa.

To, jama'a, me muka saka mata da shi? Leda da robobi. In magudana ta toshe, ruwa ya rasa hanya, sai ya ci gindin gadar ya shiga gidaje. Ambaliyar 2019 ba ta ishe mu darasi ba?

Wasu za su ce aikin hukuma ne. Gaskiya ne, mu nemi fitilu da ƙarfen kariya saboda yara. Amma yashe magudana ba ya jiran kowa. Limamai su yi shela ranar Juma'a, mu gayyaci maƙwabtanmu Kiristoci na wancan gefen, kowa da shebur ɗinsa, kafin damina ta kankama.