Ɗigon Jini Ɗaya Ya Isa Shaida



A shekarar 2023 masanan Jami'ar Stanford ta Amurka suka ba da labarin wata sabuwar dabara. Mutum zai tsaga ɗan yatsansa a gida, ya ɗiga jini kaɗan, ya aika musu, su kuwa su auna abubuwa dubbai a cikinsa. Akwai ma wanda suka bi jininsa sa'a bayan sa'a har kwana 7. Suka tarar jini yana sauyawa da abinci da barci da aiki, kuma abin sha iri ɗaya yakan yi wa mutane aiki dabam-dabam.

To, ina ruwan matar Bodinga ko ta Shagari? Ita wannan dabara tana can wurin bincike, amma yayarta ta daɗe da isowa ƙasarmu, watau 'yar na'urar awon sukari. Ɗigo ɗaya, kafin minti guda lamba ta fito. Idan da safe kafin ki ci komai ta nuna ƙasa da 100, madalla. Idan ta kai 126, ko 7 a ma'aunin wasu na'urori, aka sake ta sake kaiwa, sai a garzaya wurin likita.

Ciwon sukari ba ya sallama. Yawan ƙishirwa da fitsari, da rama, da gyambon da ya ƙi warkewa, duk alamu ne. Furar da maƙwabciyarki ta sha lafiya tana iya tayar da naki sukarin, saboda haka awo sau ɗaya bai ishi mai ciwon ba. Mai juna biyu kuwa a auna ta tsakanin mako 24 da 28.

Matsalar ita ce kuɗi. Yawancin 'yan takardun awon daga waje ake kawo su, faɗuwar naira tun 2023 ta ƙara musu tsada. Muna roƙon ƙananan hukumominmu biyu su ajiye su a kowane ɗakin shan magani, kada sai mace ta galabaita a kwashe ta zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Ku kuma 'yan makaranta, ku riƙa karanta wa iyayenku lambar, ku rubuta ta da kwanan wata da abin da aka ci, a kai wa likita. Kada a yi tarayya da allura.

Allah ya ba mu lafiya, amin.