Tsagar da ke gaban zaftarewa: abin da ya kamata a duba a ramukan haƙa na Abuja

A tsaunukan Suwizalan, masana sun daɗe da gano cewa dusar ƙanƙara ba ta zaftarewa haka kawai. Tana taruwa ne hawa-hawa, kuma a wasu lokuta wani sashe mai rauni yakan kwanta a ƙarƙashin wani mai kauri. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya sashen mai rauni a wuri guda, sai tsagar ta bazu ta ƙarƙashi cikin daƙiƙoƙi, gangaren ya sulluɓe gaba ɗaya. Shi ya sa ƙasashen Turai suka amince da ma'aunin haɗari mai mataki 5 a 1993.

Babu dusar ƙanƙara a Abuja, amma ƙasa ma hawa-hawa take. Ruwan damina yakan ratsa jar ƙasa ta sama, ya tsaya a kan yumɓu ko dutsen da ke ƙasa, ya mayar da mahaɗar su mai santsi. Idan mahaƙa sun rarake gindin gangare, abin da ke tallafe da shi ya tafi ke nan. Alamar farko takan zama tsaga a bakin ramin ta sama, wadda ruwa ke cikawa yana ƙara buɗa ta.

A watan Yunin 2024, bayan ruwa mai yawa, ramin haƙar ma'adinai ya rufta da ma'aikata a Galadima Kogo da ke ƙaramar hukumar Shiroro a jihar Neja. Kafin nan, a Satumban 2023, an ba da rahoton mutuwar kusan mutum 30 a zaftarewar ƙasa a wurin haƙa a yankin Kuje.

Paikon Kore, a yankin Gwagwalada, tana da burtalin kiwo da kasuwar dabbobi, ga gine-gine da ke ta matsowa, kuma kowane gini yana buƙatar yashi da ƙasa. Ramin da aka haƙa aka bari buɗe a irin wannan wuri tarko ne ga yaro mai kiwo.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora alhakin sa ido a kan gwamnatin tarayya, kuma dakarun tsaron ma'adinai da aka ƙaddamar a Maris 2024 sun fi mayar da hankali kan masu haƙa ba lasisi. Sai dai lasisi ba ya hana gangare tsagewa. Aikin da ya rage wa ma'aikatar da Hukumar Birnin Tarayya shi ne zagayen duba bakin ramuka a watannin Agusta da Satumba, tare da ba dagatai hurumin dakatar da haƙa da zarar an ga tsaga.