Kafin ɗalibin zane ya nemi biza

Kowa ya san hoton Ladi Kwali a bayan naira ashirin, amma ina so matasanmu masu koyon zane su san ta wace hanya ta bi. A ƙauyen Kwali ta fara koyon ginin tukwane irin na Gbagyi, da hannu, a wajen wata 'yar'uwarta. Randunanta sun yi kyau har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riƙa ajiye su a fada, kuma a can Baturen nan Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe a garin da yanzu ake kira Suleja. Ta koyi juya yumɓu a kan na'ura, da shafe mai ƙyalli, da gashi a wuta mai tsananin zafi. Daga baya ta je Ingila, ta je Amurka a 1972. Amma abin da Turawa suka taru suna kallo shi ne ƙadangaru da kunamu da kifayen da take tsagawa a jikin randa tun tana budurwa. Makaranta ta ƙara mata dabara, tafiya ta sa duniya ta san ta, hannun kuwa daga gida ta zo da shi.

Haka lamarin Uche Okeke. Ya tashi a Kafanchan, ya yi karatu a kwalejin Zariya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 shi da su Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar ɗaliban zane, domin ba su yarda a koya musu salon Ingila kaɗai ba. Ya je Jamus ya koyi aikin gilashi mai launi, amma sunansa ya fito ne da uli, zanen jiki da bango na matan Ibo, wanda mahaifiyarsa ta iya.

Abin da ke damuna ke nan idan na ga ɗalibin da ya san sunayen masu zanen Faransa, wayarsa cike da hotunan ayyukansu, amma bai taɓa tsayawa ƙarƙashin bakan gizo na tsohon masallacin Juma'a na Zariya ba, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Daga Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take, zuwa cikin birni tafiyar mota ɗaya ce! Bai zauna da mai ɗinkin aska takwas ya ga yadda ake fitar da zane a kan kyalle kafin allura ta taɓa shi ba. Irin wannan yaro idan ya isa Landan zai ga abin mamaki, amma ba shi da abin gwadawa da shi, sai ya dawo yana kwaikwayo.

Ba na hana kowa fita waje. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma wanda ya sami gurbin karatu ya tafi da albarka. Amma tafiya ba sai da jirgi ba. Marinar Ƙofar Mata tana Kano, maƙeran tagulla da masu narka gilashi suna Bida, gidajen Birni masu ado suna Damagaram, maƙeran azurfa suna Agadas.

Roƙona ga sassan koyar da zane a jami'o'i da kwalejojin ilimi na Arewa shi ne su ware zango guda da ɗalibi zai zauna a hannun magini ko marini ko maginiyar tukwane, a ba shi maki a kan abin da ya koyo, a kuma biya gwanin haƙƙinsa kamar kowane malami. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Ladi Kwali digirin girmamawa a 1977, saboda haka ba sabon abu ake nema daga gare ta ba. Dattawan da suka iya waɗannan sana'o'i suna ƙarewa, yawancin 'ya'yansu kuma sun kama wata sana'ar.