Ku bar yaro ya haɗa kwamfutarsa da hannunsa



Da zarar yaro ya buɗe baki ya ce yana son kwamfutar gem, amsar da yake samu a yawancin gidajenmu, daga Ijora har Agege, ɗaya ce: shashanci. Uba ya ja tsaki, kawu ya ƙara da cewa su suna kamarsa har sun fara sauke buhu a Iddo, a rufe magana. Ni kuwa ina ganin wannan tsakin yana jawo mana asarar kuɗi, yana kuma toshe wa yaranmu wata hanyar abinci, shi ya sa zan faɗa a nan kowa ya ji. Wanda zai ji haushi, Allah ya huci zuciyarsa.

Tsakin ba ya hana yaron saye. Zai tara kuɗin dako, ko na tsaron shago, ko ya kwashi adashi, ya hau mota a ɓoye ya sauka Ikeja, ya shiga Computer Village shi kaɗai babu mai ba shi shawara. Kafin ya kai layin Otigba 'yan kamasho sun tare shi. A nuna masa akwati mai gilashi, fankoki na juyawa da fitilu ja da shuɗi kamar motar ɗaukar amarya, a ce masa ai Core i7 ce. Ya zaro gumin wata takwas ya miƙa. Kasuwar nan akwai mutanen kirki da yawa a cikinta, akwai ƙwararru da ake zuwa wurinsu daga ƙasashen maƙwabta. Amma kowace kasuwa tana da masu jiran wanda ya shigo ido rufe, mu kuma da kanmu muke tura musu yaranmu a haka.

Sunan Core i7 shi kaɗai ba ya gaya maka komai. Kamfanin Intel ya fara fitar da furosesa mai wannan suna tun 2008, ya ci gaba da fitar da sababbi shekara da shekaru da sunan nan dai. Lambar da ke bin bayan sunan ita ce shekarun haihuwa. Idan ka ga i7-3770, zubi na 3 ne, na 2012. Ƙaramar i3-12100 ta 2022 ta fi shi gudu nesa ba kusa ba. Kamar a ce maka Toyota ce, a ƙi gaya maka ta wace shekara. Wani abin kuma, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida tana son furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Duk wanda ya sayar wa yaro ƙasa da haka da sunan sabuwar na'ura, tsohuwar tunkiya ya shafa wa lalle.

Mai ƙaramin ƙarfi hanya biyu gare shi, kuma babu fitila a cikin ko ɗaya.

Ta farko, ya nemi tokumbon kwamfutar ofis, irin su Dell OptiPlex ko HP EliteDesk da kamfanonin Turai da Amurka suke sallamarwa, mai i5 zubi na 8 ko sama. Ba ta da kyan gani ko kaɗan, amma an ƙera ta don ta yini tana aiki. Sai ya ƙara mata katin hoto, wato ɓangaren da ke zana duk abin da ido ke gani a sikirin. A nan sai an lura. Akwatin wutar da ke cikin waɗannan na'urori ƙarami ne, don haka kati irin GTX 1650, wanda ba ya wuce wat 75, shi ne daidai da su, a kuma zaɓi samfurinsa da ba ya buƙatar wayar wuta ta daban. Idan akwatin kwamfutar siriri ne, sai gajeren kati zai shiga. A auna kafin a biya.

Ta biyu, ya haɗa daga tushe: furosesa Ryzen 5 5600G ta kamfanin AMD, wadda ta fito a 2021 da ɗan katin hotonta a ciki, da madabod mai soket AM4, da RAM, da SSD, da akwatin wuta. Da wannan zai buga eFootball da GTA V idan ya rage ƙyallin hoton, ya yi haƙuri ya ci gaba da tari, ranar da hali ya samu ya sayi katin hoto ya soka. Ni wannan na fi so, domin da ita yaro yake sanin abin da ke cikin akwatin ɗaya bayan ɗaya. RAM ya zama giga 16, sanda biyu masu takwas-takwas, don sanda biyu sun fi ɗaya mai 16 sauri, musamman a irin wannan furosesa. SSD kuma dole ne, tsohon faifai mai juyawa a bar shi don ajiyar finafinai.

Ba zan kawo farashi ba, don kayan nan da dala ake shigo da su. Tun da aka saki naira a Yuni 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin da aka faɗa maka yau ba lallai ya kai Juma'a ba. Abin da ba ya canjawa shi ne yadda za a raba kuɗin. Kaso mafi tsoka na katin hoto ne, mafi ƙanƙanta na akwati. Akwatin ƙarfe na gwanjo mai wurin shan iska ya wadatar.

Katin hoto kuwa shi ne inda aka fi yanka mutane. Shekaru da dama masu haƙar kuɗin kirifto sun yi ta saye katuna suna kunna su dare da rana ba hutu. Da aka daina haƙar Ethereum da irin waɗannan katuna a Satumba 2022, sai aka juye su kasuwannin duniya, wasu suka iso nan. RX 580 mai giga 8, na 2017, yana cikin waɗanda suka fi shan wannan wahala. Kati ne mai kyau, wanda ya yi haƙa ma yana iya yin shekaru yana aiki, amma a saye shi da kuɗin wanda ya sha wuya, kar a biya kuɗin sabo. A kuma duba, wanda aka rubuta wa 2048SP ƙarfinsa na RX 570 ne. Akwai kuma jabu tsagwaro: a ɗauko tsohon GTS 450 na 2010, a sauya masa suna a ciki, kwamfuta ta riƙa nuna shi a matsayin GTX 1050 Ti. Maganin duk wannan kyauta ne. Manhajar GPU-Z tana fallasa yawancin jabun. FurMark tana matsa wa kati lamba, a bar shi minti 15 a gaban mai shago a ga ko zai yi zafi fiye da kima ko hoto ya tsattsage. CrystalDiskInfo tana nuna awa nawa faifai ya yi yana aiki. Mai shagon da ya hana ka gwaji ya riga ya ba ka amsa. A karɓi rasit mai lambar kayan, a yi maganar kwana nawa za a iya dawowa da shi.

Sai wuta, wadda masu bidiyon YouTube na Amurka ba sa ambata don ba su san ciwonmu ba. Yaro zai kashe komai a kan kati, ya sayi akwatin wuta marar suna mai sauƙi kamar kwali. Ranar da NEPA ta kawo wuta da ƙarfi, ko aka tayar da ƙaramin janareta yana sama yana ƙasa, akwatin ya ƙone ya tafi da madabod da katin gaba ɗaya. A sayi na kamfani sananne mai tambarin 80 Plus, wat 500 ya ishi irin na'urar da muke magana, a sa sitabilaiza ko UPS a tsakani. A yi lissafin mita ma. A Afrilu 2024 an kai kuɗin wutar Band A naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage zuwa wajen 209. Na'urar da ke jan wat 300, awa 5 a rana, yunit ɗaya da rabi ke nan, sama da naira 9,000 a wata. Mai jan rabin haka rabin kuɗin za ta ci. Ga zafi da laimar Legas, mu na Ijora kuma mun san abin da damina ke yi wa ɗakunanmu. Kada a ajiye kwamfuta a ƙasa.

Na san abin da dattawa za su ce: salla fa, karatu fa? Gaskiyarku. Na ga yaron da gem ya hana shi barci har ya makara asuba, ban kuma ce a zuba ido ba. Amma wannan yaron da waya yake yi, a ƙarƙashin bargo, Free Fire har ƙarfe uku na dare, wayar da wataƙila ku kuka saya masa da kuɗin da ya kai na kwamfutar. A cikin wannan wayar dai shagon caca yake, wanda ya fi gem cin yaranmu. Kwamfutar tebur ba ta shiga aljihu. A falo take, uba yana ganin sikirin, yana iya cewa a kashe an kira salla. A kanta ne kuma yaro zai saba da madannai kafin ranar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake rubuta ta. Na'urar da ta iya ɗaukar gem za ta ɗauki gyaran bidiyon biki, da zanen fosta, da lissafin shago.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sana'a. Mun ga abin da ya faru da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida ranar 1 ga Yuni 2022, har da Apapa da muke ciki. Samari nawa suka wayi gari babu abin yi, wasu suka tattara suka koma gida? Ƙarfi kaɗai muka ba su, ranar da gwamnati ta ce ba ta son ƙarfin sai suka tashi a tutar babu. Yaron da ya zauna ya gano wace furosesa ke shiga wane soket, ya shafa man sanyaya da hannunsa, ya kunna na'ura ta ƙi tashi, ya bi waya ɗaya bayan ɗaya har ya gano RAM ne bai zauna ba, wannan ya fara koyon gyaran kwamfuta ba tare da an biya masa kuɗin koyo ba. A Kano, Farm Centre da titin Beirut cike suke da matasan Hausawa da ke ci da iyalinsu da irin wannan aiki. A nan Legas kuwa gwamnati ta daɗe tana shirin mayar da Computer Village zuwa Katangowa, wajen Abule Egba, kasuwar da mutanenmu suka daɗe suna sayar da gwanjo a cikinta, tafiya kaɗan daga Agege. Idan ranar ta zo, kasuwar kwamfuta mafi girma a ƙasar nan za ta sauka a ƙofar gidanmu. Me yaranmu za su yi a cikinta? Dakon kwali da gadin dare?

Don haka zan sa maganar a ajandar taronmu na gaba. Muna da matasa a cikinmu da suka riga suka haɗa nasu, ina neman biyu ko uku su yarda a riƙa haɗa su da duk yaron da zai je sayen kaya, ya rubuta abin da yake nema da abin da ke hannunsa tun daga gida. Uban da zai iya, ya bi su ya tsaya a shagon har a gama gwajin nan na minti 15. Wanda bai yarda da ni ba kuma ya zo taron ya faɗa a gaban jama'a, za a ba shi lokacinsa.

Sakataren ƙungiya