Dokin da ba a tunawa da shi sai Sallah ta matso

Daga Kanya Babba da Babura har zuwa Kazaure, Roni da Gwiwa, ba a rasa gidan da ake alfahari da doki. Abin da ya yi ƙaranci shi ne gidan da ya san haƙƙinsa. Kuma ba talaka za a ɗora wa laifin ba. Yau mai doki sau da yawa babban ma'aikaci ne, ko ɗan kasuwa, ko ɗan boko da aka naɗa wa rawani: mutumin da ba ya bari motarsa ta wuce lokacin juyen mai, amma ingarmansa sai ya shekara a turke babu likitan da ya taɓa duba bakinsa.

Tsarin sananne ne. Wata da watanni doki yana ɗaure, ana watsa masa abin da ya samu. Da zarar hawan Sallah ya rage mako uku, sai a tuna da shi. A cika masa akurki da gero da dawa da dusa, a kira wani mai allura daga kasuwa ya ɗirka masa maganin ƙiba, a saya masa sabuwar jalala da linzami mai walƙiya. Ana so ya yi ƙiba cikin kwana ashirin, a kuma yi sukuwa da shi a rana ta ashirin da ɗaya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma a barga kusan ranar kaɗai ake fafe shi.

Cikin doki ba ya yafe wannan gaggawa. Tumbinsa ƙarami ne, bai wuce lita 8 zuwa 15 ba, kuma doki ba ya amai. Abin da ya shiga ya shiga ke nan. An halicce shi ne ya yini yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan, can a babban hanji ƙwayoyin halitta su narkar masa da ita. Idan aka jibga masa hatsi lokaci guda, abin da ƙaramin hanji ya kasa narkarwa sai ya zarce babban hanji ya yi tsami, ƙwayoyin da ke masa aiki su mutu, guba ta shiga jini. Daga nan abu biyu ke biyo baya: ciwon ciki, inda zai riƙa tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana birgima, ko kumburin naman da ke riƙe da kofato, inda zai miƙa ƙafafun gaba ya ƙi takawa, wani lokacin ya gurgunce har abada. Allurar ƙibar nan ma, idan irin dexamethasone ce, kumburi take sawa ba tsoka ba, tana kuma raunana garkuwar jiki. In ya faɗi, sai a ce baki ne ya kama shi. Bakin da ya kama shi na mudu ne.

Abin da yake buƙata ya fi wannan araha: harawa da busasshiyar ciyawa mai tsabta kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kullum, wato wajen kilo 7 ga doki mai kilo 350, ruwa a gabansa, wanda a zafin bazara zai iya haura lita 40, gishiri, hatsi kaɗan, a rarraba, a ƙara shi sannu a hankali cikin mako biyu. Abincin kaji kuwa, wanda wasu ke ɗiba don ya yi sauri, yana iya ƙunsar monensin, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya lalata zuciyar doki.

Masu kare wannan hali suna da hujja guda: haka kakanni suka yi, ba su san likitan dabbobi ba. Wannan ƙage ne ga kakannin. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, doki da lifidi su ne ƙarfin daula. Ɗan Tunku ma a bisa sirdi ya kafa Kazaure. Mutanen da rayuwarsu ta rataya ga doki ba su bar shi ga sa'a ba; sarauta sukutum suka yi domin barga, ita ce Shamaki. Dokinsu yana kilisa safe da yamma, yana da mai yankan ciyawa, yana da mai lura da kashinsa da tafiyarsa. Wanda ya gaji rawani ya yar da kilisa bai gaji komai ba sai hoto.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya. Babura na bakin iyaka, kasuwar Maigatari ba nisa, dabbobi na shiga da fita tsakanin Nijeriya da Nijar. Murar dawakai da ta ɓulla a Sakkwato a ƙarshen 2018 ta ratsa yankin Sahel a 2019, ta kashe dubban jakuna. Duk da haka, sabon doki daga kasuwa kai tsaye ake kai shi cikin 'yan uwansa, alhali keɓe shi na mako biyu zuwa uku bai ci ko sisi ba. Annobar dawakai ta Afirka, wadda wasu ƙananan ƙudaje masu cizo daga magariba zuwa asuba ke yaɗawa, tana iya kashe tara cikin goma na dawakan da ba su da garkuwa. Da ta shiga Sifen a 1987, sai da aka yi shekaru ana yaƙi da ita. A nan kuwa, ƙarshen damina doki yana kwana a fili kusa da kududdufi.

Hukuma ma da nata kason. A Disambar 2024 UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin gadon al'adun duniya, aka yi ta murna har a masarautun maƙwabta. Ƙasar da take da cibiyar binciken lafiyar dabbobi a Vom tun 1924, da tsangayoyin likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato, ba ta da uzurin barin dawakan hawa a hannun mai allurar kasuwa. Masarautun Kazaure da Ringim suna da ikon da ya fi na kowace ma'aikata: su ce hakimi ba zai shigo da dawakinsa hawa ba sai da takardar likita mai nuna an yi rigakafin tetanus, an ba da maganin tsutsar ciki da na kaska, an duba haƙora da kofato. Ranar da aka mayar da dokin wani babba gida daga ƙofar fada, a makon nan likitan dabbobin ƙaramar hukuma zai rasa lokacin zama.