Mas'alar Buɗe Oba-oba

Ya 'yan'uwa malamai da fatake, ku sani akwai wata al'ada da ta shigo mana tare da 'yar rediyon nan ta hannu wadda a ke kira oba-oba, watau wadda mutum zai danna ya yi magana, ya saki ya saurara. 'Yan sintiri na riƙe da ita, haka masu gadi, da dillalan shanu, da masu kai kaya Kwangwalam. Mutum ya saye ta, ya ga ba ta kai inda ya ke so, sai ya kai wa mai gyara ya ce a buɗe masa ita. Nufinsa a cire takunkumin da maƙera suka sa mata, ta riƙa magana a zangon da ba a ƙera ta dominsa ba. Mu nan Kusugu ra'ayinmu shi ne wannan ciniki hasara ne ga mai shi, kuma ta'addi ne ga waɗansu.

Bari mu fara da hasarar, tun da ya ke ita falke ya fi saurin ganewa. Mai sayen buɗi tsammani ya ke yi sabon zango zai ƙara wa muryarsa nisa, alhali zango dabam, nisa dabam. Irin waɗannan da suka cika kasuwa, kamar Baofeng, galibi suna aiki ne daga megahaz 136 zuwa 174, da kuma daga 400 zuwa sama kaɗan. Igiyar waɗannan zanguna miƙe ta ke tafiya kamar ganin ido. Ba ta yi irin ta gajeren zango da mu ke jin London da shi ba, wadda ke bugun sama ta komo ƙasa. Saboda haka mutum biyu da ke tsaye a fili, kowa da tasa a hannu, da ƙyar su wuce kilomita 10, a cikin gari kuwa soraye da itatuwa su cinye mafi yawan wannan. Amma kadan aka ɗaga eriya bisa ƙarfe mai tsawon mita 25, ita kaɗai tana hango wajen kilomita 20. Tsawo ke ba da nisa. Ko ƙarfin wuta ma ba ya yi da arha, gama kafin nisa ya ninka biyu sai an ninka ƙarfi huɗu, shi ma a sararin da babu shamaki.

Sa'an nan ita na'urar an auna mata kome gwargwadon zangonta. Eriyar da ta dace da megahaz 145 tsawonta kamar santimita 50 ne, ta 446 kuwa ba ta fi 17 ba. Idan aka tilasta mata zangon da eriyarta ba ta dace da shi ba, wutar da ya kamata ta fita sai ta komo ciki, ta yi zafi, batir ya ƙare da wuri, wata rana ta ƙone. Ga kuɗin gyara an biya, ga kaya sun lalace.

To, da a nan abin ya tsaya, da mun ce dukiyarsa ce. Amma iska ba ta mutum ɗaya ba ce. An raba ta kamar yadda a ke raba gonaki da burtali da makiyaya, kowa da haddinsa. Daga 87.5 zuwa 108 na gidajen rediyo ne. Daga 118 zuwa 137 na jiragen sama ne, a ciki direban jirgi ke magana da hasumiya a Katsina da Kano, kuma 121.5 an keɓe shi ga jirgin da ya shiga hatsari. Daga 144 zuwa 146 na masu sha'awar rediyo ne waɗanda suka karɓi lasisi. Akwai na 'yan sanda, da na soja, da na kamfanoni. Kowane zango kuwa kamar bakin rijiya ya ke, in guga biyu suka faɗa tare sai igiya ta sarƙe. Mutum biyu suka danna a zango ɗaya, mai ƙarfi ya danne mai rauni, ko kuwa duka biyun su zama hayaniya. Abin da ya fi muni, na'urar da aka fitar daga haddinta matatarta ba ta tacewa sosai. Mai ita yana magana a 150, ɓurɓushin muryarsa na faɗawa a 300 da 450, shi bai sani ba, wanda ya cuta kuma bai san wa zai kama ba.

Wannan rabo ba jiya aka fara shi ba. Bayan nutsewar jirgin ruwan Titanic a 1912, Amurka ta yi doka a cikin shekarar ta wajabta lasisi ga mai watsa magana a iska. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, wadda asalinta ya koma 1865, ita ke raba zanguna tsakanin ƙasashe. A Nijeriya dokar 1961 ta hana amfani da irin wannan na'ura ba da lasisi ba, dokar sadarwa ta 2003 kuma ta ba hukumar NCC ikon ba da zango da tantance na'urori. Mu da ke bakin iyaka sai mu ƙara lura, domin igiyar rediyo ba ta tsayawa a shingen kwastan. Abin da aka danna a Mai'aduwa ko Zango yana iya faɗawa Ɗan Barto, can kuwa hukumarsu dabam, dokarsu dabam.

Wani zai ce larura ce, kuma ba mu raina larurar ba. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ko da ya ke ƙasar Daura ba ta ciki, mutane suka ga yadda a ke kwana ba hanyar kiran agaji. Sai dai a wannan lokacin ne gwamnatin jiha ta ba da sanarwa cewa 'yan bindiga sun koma ga oba-oba. Tun daga nan falken da aka tare a hanya da buɗaɗɗiya a jaka, wadda ke shiga zangon jami'an tsaro, da wace hujja zai wanke kansa? Ɗan sintirin da ke ganin ya yi dabara shi ma ya sani magana a wannan na'ura ba ta da asiri, duk mai irinta yana jinsa.

Shawararmu ga shugabannin kasuwa da na 'yan sintiri ita ce su bar bin masu gyara ɗai-ɗai. Su haɗu da sunan ƙungiya, su nemi zango nasu wurin hukuma, su sayi na'urorin da aka tantance. Kuɗin da a ke zubarwa wurin buɗi a tara shi a kafa na'urar nan mai karɓar magana ta maimaita ta, a ɗora eriyarta bisa tankin ruwa ko dogon ƙarfe. Da guda ɗaya mai tsawo sosai a birnin Daura, mai 'yar hannu a Sandamu zai iya jin ɗan'uwansa da ke hanyar Mai'aduwa. Masu gyara kuma, wanda ya zo da buƙatar buɗi ku duba masa eriya da batir tukuna, gama sau da yawa a nan ciwon ya ke.